Daga Ɓoyayyen Suna Zuwa Fuskar Sayarwa: Yadda Injin Ɗab'i da Kyamara Suka Sauya Marubutan Birtaniya

Ranar Asabar 8 ga Yulin 1848, da safe, wasu mata biyu suka shiga kantin littattafai mai lamba 65 a titin Cornhill da ke Landan. Gajeru ne, da tufafin ƙauye, ga gajiya a ido, don a jirgin ƙasa suka kwana daga arewacin Ingila. Suka ce mai kamfanin suke son gani. George Smith, saurayi ɗan shekara 24, ya fito da alamar aiki ya sha masa kai. Babbar cikinsu ta miƙa masa wata wasiƙa. Yana dubawa sai ya ga tasa ce, wadda ya aika wa wani wai shi Currer Bell, marubucin Jane Eyre, littafin da ya fi kowane ciniki a kantin. Ya tambaye ta inda ta samo. Ashe ita ce Currer Bell ɗin. Sunanta Charlotte Brontë, ta kusa da ita kuma ƙanwarta ce, Anne.

Wata tara kenan kamfanin yana cin ribar littafin, bai taɓa sa mai shi a ido ba, bai ma tabbatar namiji ne ko mace ba. Abin da ya taso su daga ƙauye shi ne wani mai maɗaba'a da ke gaya wa abokan cinikinsa na Amurka cewa Currer da Ellis da Acton Bell, sunayen aron da Charlotte da ƙannenta Emily da Anne ke rubutu da su, duk mutum ɗaya ne, don ya sayar da littafin Anne da sunan yayarta. Ba su da wata hanyar ƙaryata shi sai su kai kansu a gan su.

Shekara 43 bayan haka, a wannan birnin dai, sabuwar mujallar Strand ta buɗe shafin da take jera hotunan shahararrun mutane, har da marubuta, tun suna yara har zuwa furfura. Ta kuma riƙa tura ɗan jarida da mai hoto gidajensu, a ɗauko falo, a ɗauko teburin rubutu. A tsakanin ranakun nan biyu aka ƙera abin da yau muke gani kamar da shi aka halicci littafi: wato littafi yana da mai shi, mai shin yana da suna a bango da fuska a ciki, sunan da fuskar kuma haja ce ta kasuwa. Na'urori biyu suka yi wannan aiki, injin ɗab'i mai tururi da kyamara.

A farkon ƙarni na 19 ɓoye suna shi ne abin da aka saba. Littafin Jane Austen na farko, a 1811, an rubuta masa a shafin gaba cewa wata mace ce ta rubuta, shi kenan. Walter Scott ya fara fitar da labaransa a 1814, bai amsa a bainar jama'a cewa nasa ne ba sai 1827. Ma'aikacin kotu ne a Edinbara, ƙagaggen labari kuwa a lokacin ba a ɗauke shi sana'ar mai mutunci ba. Masu sharhin littattafai a manyan mujallu su ma ba sa sa suna. Masu saye kuma ba su da yawa, saboda tsada. Daga 1821 farashin sabon labari ya tsaya a fam ɗaya da sule goma sha ɗaya da sisi, an raba shi juzu'i uku. Kuɗin nan ba baƙi ba ne a wurinmu, su ne fam da sule da kwabon da iyayenmu suka kashe kafin zuwan naira a 1973. Wannan farashi ya kai ladan leburan gona na kusan mako uku.

Injin ne ya fara tsaga wannan katanga. Daren 29 ga Nuwamban 1814 aka buga jaridar The Times da injin wani Bajamushe, Friedrich Koenig, wanda tururi ke juyawa. Yana fitar da takarda 1,100 a awa ɗaya, alhali matsi na hannu, mutum biyu na gumi a kansa, bai wuce 250 ba. A ɓoye aka kafa injin don tsoron kada ma'aikata su farfasa shi. Kafin nan an riga an samu injin da ke yin takarda doguwa a naɗe, maimakon a tsamo ta falle-falle da hannu. Sai jirgin ƙasa ya zo ya kwashi abin da aka buga zuwa ko'ina cikin kwana ɗaya, kamfanin W. H. Smith kuma ya buɗe rumfar littattafai ta farko a tashar Euston a 1848. Abin da ya rage shi ne haraji, wanda masu adawa da shi suke kira harajin ilimi. Shi ma aka bi shi ɗaya bayan ɗaya: na talla ya tafi a 1853, na hatimin jarida a 1855, na takarda a 1861.

Wanda ya fara gane abin da wannan ke nufi ga mai alƙalami shi ne Charles Dickens, kuma ta ƙofar baya ya shigo. A 1836 kamfanin Chapman da Hall yana da wani sanannen mai zane, Robert Seymour, da ke son fitar da zane-zanen barkwanci na mafarauta duk wata. Ana neman wanda zai ɗan rubuta abin da zai raka zanen, sai aka ɗauki wani ɗan jarida mai shekara 24 da ke rubutu da laƙabin Boz. Wato zanen ne uban tafiya, rubutun ɗan rakiya. Kafin fitowa ta biyu ta shiga kasuwa Seymour ya kashe kansa. Maimakon a tsaya, Dickens ya juya tsarin: aka rage zane zuwa biyu, aka ƙara rubutu zuwa shafi 32, sabon mai zanen kuma shi ne zai bi abin da marubuci ya rubuta.

A ɗauka ga fitowa ɗaya ta wannan labari, Pickwick Papers, a hannu. Siririya ce, da koren bango, an ɗinke ta da zare. Gaba da baya tallace-tallace ne na magani da tufafi da littattafai, labarin yana tsakiya. Kuɗinta sule ɗaya. Fitowar farko 'yan ɗaruruwa aka sayar. Da wani sabon tauraro, Sam Weller mai goge takalma, ya shigo a fitowa ta huɗu sai kasuwa ta buɗe, kafin a kammala a 1837 ana sayar da kusan kwafi 40,000 duk wata. Akawu da ɗan kanti, waɗanda ba za su taɓa tara kuɗin juzu'i uku ba, suna iya cire sule guda a ƙarshen wata. Wanda bai iya karatu ba kuma ya zauna a karanta masa.

Wannan tsari bai tsaya ga sauya farashi ba, ya shiga har cikin jimlar marubuci. Shafi 32 ne, ba 31 ba, ba 33 ba, don haka ake naɗe takardar injin. Idan rubutu ya yi yawa a yanke, idan ya gaza a ƙaro kafin gobe. Dole kowace fitowa ta ƙare a inda zuciya za ta rataya, don mai sulen nan ya dawo. Dole kowane ɗan wasa a labarin ya zo da wata alama, wata kalma da yake maimaitawa ko wata ɗabi'a, don wanda ya rabu da shi wata guda ya gane shi nan take. Abin da ya fi duka, marubuci yana rubutu ne masu karatu suna kallonsa. Lokacin da labarin Dickens na wata yarinya mai suna Nell ke fita mako-mako a 1840 da 1841, ana sayar da har kwafi 100,000, mutane sun yi ta aiko wasiƙu suna roƙon kada ya kashe ta. A 1860 kuma, da ya ga cinikin mujallarsa All the Year Round na faɗuwa saboda labarin wani marubuci bai kama mutane ba, sai ya fasa shirinsa na fitar da Great Expectations wata-wata, ya yanka shi mako-mako ya zuba a mujallar. Ɗaya daga cikin mafi kyawun abin da ya rubuta, lissafin kanti ne ya ba shi siffarsa. Ban ga aibu a wannan ba. Matsi yakan fitar da mai.

Amma fa ba kowa matsin ya yi wa rana ba. Juzu'i ukun nan mai tsada bai mutu ba, don akwai wanda yake raya shi: Charles Edward Mudie, wanda ya fara ba da hayar littattafai a 1842. Ka biya sule 21 a shekara, ka riƙa ɗaukar juzu'i ɗaya kana mayarwa. Raba labari uku riba ce gare shi, don mutum uku ne ke riƙe da littafi ɗaya a lokaci guda. Duk wanda ya san shagunan hayar littattafan Hausa a Kano, da yadda labari ke fitowa na ɗaya da na biyu da na uku, ya san wannan lissafi ba sai an yi masa bayani ba. Tunda Mudie ne babban mai saye, shi ne alƙali. Labarin da bai cika juzu'i uku ba sai a ja shi kamar danƙo. Labarin da yake ganin bai dace a karanta a gaban 'yan mata ba, ba ya shiga shagonsa, wanda bai shiga shagonsa ba kuwa ya mutu a ɗakin ajiya. Editocin mujallu ma haka. Da Thomas Hardy ya kai labarin Tess jaridar Graphic a 1891, akwai wurin da saurayi ya ɗauki 'yan mata a hannu ya ƙetarar da su ruwan da ya cika hanya. Aka ce bai dace ba. Hardy ya sake rubutawa, saurayin ya tura su a baro. Bayan surutun da aka yi a kan littafinsa na 1895 ya ajiye rubuta labari gaba ɗaya, ya koma waƙa har ya mutu a 1928. Shekara talatin da 'yan kai na labaran da bai rubuta ba, wannan asara ce da ba ta shiga littafin lissafin kowa ba.

Anthony Trollope shi ne ya faɗi gaskiyar sana'ar ba kwana-kwana. Ma'aikacin gidan waya ne. A tarihin rayuwarsa da ya fito a 1883, bayan mutuwarsa, ya bayyana cewa ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama a tebur, agogo a gabansa, kalma 250 duk minti goma sha biyar, kafin ya tafi ofis. Har jadawali ya yi na abin da kowane littafi ya kawo masa, jimilla ta kusa fam 70,000. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba. Sun fi son su yarda cewa baiwa ce ke sauko wa marubuci cikin dare. Suna son kaya mai arha a kan lokaci, amma ba sa son a nuna musu masaƙar. A ganina, wannan ratar da ke tsakanin yadda ake yin littafi da yadda mai karatu ke son ya ji an yi shi, ita ce hoto ya zo ya cike.

A 1839 aka sanar da duniya ɗaukar hoto, Daguerre a Faransa da William Henry Fox Talbot a Ingila. Hoton Daguerre a kan farantin ƙarfe yake, ƙwaya ɗaya tak, ba a kwafarsa. Na Talbot kuwa yana ba da dodon hoto, wanda za a wanke kwafi ko nawa daga gare shi, kuma wannan hanyar ce ta gaji duniya. A 1841 Richard Beard ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto na farko a Landan, a saman bene don a samu hasken rana. Mutum zai zauna, a kafa masa wani ƙarfe a ƙeya don kada ya motsa, ya ƙame. Mawaƙiya Elizabeth Barrett ta rubuta wa wata ƙawarta a 1843 cewa ta fi son ta mallaki irin wannan hoton na wanda take ƙauna a kan zanen gwanin gwanaye, don wannan ba kama ba ce kawai, inuwar mutumin ce da kanta aka kama aka tsayar. Nan bambancin yake. Ƙishirwar ganin fuskar marubuci ta riga kyamara, don a 1839 ɗin ma an sa zanen fuskar Dickens da sa hannunsa a gaban Nicholas Nickleby. Amma zane an san hannun mutum ne, yana iya yin kara. Hoto kuwa gani ake yi rana ce ta zana, gani kuma ya kori ji.

Sai dai akwai cikas da ya ɗauki kusan shekara hamsin: hoto ba ya shiga injin ɗab'i tare da haruffan dalma. Littafin da Talbot ya fitar daga 1844 zuwa 1846 don nuna fasaharsa, hotuna 24 da ke ciki ɗaya-ɗaya aka wanke aka manna da hannu. Jarida mai son sa hoto sai ta ba masassaƙi ya kwaikwaya a kan katako. Saboda haka fuskar marubuci ba ta cikin littafi ta fara yawo ba, ta tagar kanti ta bi. A 1854 wani Bafaranshe, Disdéri, ya yi rajistar dabarar ɗaukar ƙananan hotuna takwas a faranti ɗaya, a yanka a manna a ɗan kati da bai fi tafin hannu ba. Da aka fitar da na Sarauniya Victoria da iyalinta a 1860 sai Ingila ta haukace. Mijinta Albert na mutuwa a Disambar 1861, aka sayar da katinsa kusan 70,000 cikin mako guda. Kowane gida ya yi kundin hotuna a falo, inda kaka da jariri ke zaune shafi ɗaya da firaminista da limamin coci da marubuci. Sule ɗaya ko ɗaya da sisi, kuɗin fitowa guda ta labari, ka sayi mai labarin.

Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Turawan wancan zamani sun ɗauki wannan magana a matsayin kimiyya. Sun yarda faɗin goshi da tudun ƙoƙon kai suna nuna basira da hali, har akwai masu sana'ar lalube kan mutum su rubuta masa takarda. Charlotte Brontë da kanta ta je wurin irinsu tare da George Smith a 1851, da sunan aro. To mutanen da suka yarda da haka, in ka miƙa musu hoton marubuci, ai ka ba su mabuɗin littafinsa ne a ganinsu. Marubutan kuma suka koyi zama: hannu a haɓa, littafi a cinya, ido a nesa.

Dickens ya rungumi abin duk da yakan yi ƙorafin zaman. A 1858 aka ɗauke shi yana zaune a tebur, alƙalamin gashin tsuntsu a hannu, kamar an same shi tsakiyar aiki. A shekarar ce ya fara hawa dandamali yana karanta labaransa ana biya a shiga. Zagayen da ya yi a Amurka a 1867 da 1868 ya kawo masa kusan fam 19,000, a ƙasar da ta shekara talatin tana buga littattafansa akasari ba tare da an biya shi ba, don babu yarjejeniyar haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashen biyu sai 1891. Littafi ana iya sace shi, amma ba a iya buga jabun mutum a tsaye a kan dandamali. Sai dai wanda ya mai da masu karatu 'yan gida, dole ya yi musu bayanin gidan. A Yunin 1858 ɗin, da ya rabu da matarsa Catherine, uwar 'ya'yansa goma, ya buga sanarwa a shafin farko na mujallarsa yana wanke kansa daga jita-jita. Ita ba ta da mujalla, ba ta da dandamali. Shiru ta yi har ta mutu.

Alfred Tennyson, mawaƙin fada tun 1850, shi abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Ya koma tsibirin Wight don neman shiru, masu yawon buɗe ido suka bi shi suna leƙe ta shinge, har a 1869 ya gama wani gida a kan tudu can nesa inda yake gudu lokacin bazara. Amma maƙwabciyarsa a tsibirin ita ce Julia Margaret Cameron, wadda 'yarta ta ba kyautar kyamara a ƙarshen 1863, tana da shekara 48. Ta mai da akurkin kaji ɗakin ɗaukar hoto, ɗakin gawayi kuma wurin wanki. Aikin ba na wasa ba ne. Za ta zuba wani magani mai danƙo a kan farantin gilashi, ta tsoma shi a ruwan azurfa, ta ruga da shi kyamara tun yana jiƙe, don in ya bushe ya lalace. Yatsunta kullum baƙi ƙirin da tabon azurfa. Wanda ake ɗauka kuma zai yi mintuna bai motsa ba, ido na kawo ruwa. A 1865 ta lulluɓe Tennyson da baƙin mayafi, gashi a hargitse, littafi a hannu, ta ɗauke shi ta gefe. Shi da kansa ya sa wa hoton suna ƙazamin ɗan zuhudu, kuma yana cikin waɗanda ya fi so. Ba Tennyson mai lissafin kuɗi da masu maɗaba'a ta ɗauka ba, wanda littafin waƙarsa na 1864 ya sayar da kwafi 17,000 a ranar fitowarsa. Waliyyi ta ɗauka, wanda duniya ba ta dame shi ba. Wannan shi ne hoton da masu karatu ke so, kishiyar agogon Trollope, kuma har yau in an ce a siffanta gwanin mawaƙin Turawa na da, kusan wannan siffar ce ke zuwa.

Kuɗin katin fa, aljihun wa yake shiga? Mafi yawa na mai hoto. Dokar 1862 ta ba hoto haƙƙin mallaka, kuma idan mai hoto ne ya gayyato shahararre ya zauna masa kyauta, hoton nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokar ta kira mai hoton da kalmar da ake kiran marubucin littafi da ita, sai rigima ta tashi: wane ne mawallafin hoto, tunda rana ce ta zana? A 1883 kotun ɗaukaka ƙara a Landan ta saurari shari'a kan hoton 'yan wasan kurket na Ostareliya. Masu kamfanin sun yi rajistar kansu a matsayin mawallafa, kotu ta ce a'a, wanda ya tsaya ya jera mutanen ya ɗauka shi ne. Shekara guda bayan haka kotun ƙolin Amurka ta yanke irin wannan a kan hoton Oscar Wilde da Napoleon Sarony ya ɗauka a 1882, wanda wani kamfani ya kwafa sau 85,000 don talla. Lokacin da aka ɗauki hoton, abin da aka san Wilde da shi a rubuce bai wuce kundin waƙoƙi guda ba. Fuskarsa ta riga littattafansa shahara da shekaru, kuma a shari'ar da aka yi kan fuskar tasa shi ba mai ƙara ba ne.

Akwai waɗanda suka ƙi. Marubucin littafin yara na Alice, Charles Dodgson, malamin lissafi a Oxford, gwanin ɗaukar hoto ne da ya ɗauki kusan 3,000, har da Tennyson. Duk da haka ya hana nasa hoton yawo, wasiƙar da ta zo kwalejinsa da sunansa na alƙalami Lewis Carroll kuma yakan mayar da ita. Ya san abin da kyamara ke yi. Amma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗar lamarin, kuma nan ne abin ya fi sosa mini rai. Mary Ann Evans ta ɗauki sunan George Eliot ne don a karanta aikinta ba tare da an sako zancen cewa mace ce ba, kuma tana zaune da mutumin da ke da mata. Da Adam Bede ya yi kasuwa a 1859 sai aka fara yaɗa cewa wani Joseph Liggins na garin Nuneaton ne ya rubuta, har aka buga a The Times, har ana tara masa kuɗi wai an cuce shi. Shi kuma bai musa ba. Dole ta fito, don sunan da ba shi da mai shi kowa na iya ɗauka. Tana fitowa kuwa aka koma zancen zamanta da kamanninta. Hoto guda aka fi saninta da shi, na 1858, ba ta so shi ba, ta kuma guje wa kyamara. Namiji in ya yi gemu da tamoji sai a ce alamar zurfin tunani ce. Mace kuwa kyau ake nema, in babu a yi ta yi da ita, in akwai a ce ba ita ta rubuta ba. Ko wadda ta mutu ba ta tsira ba. Da dangin Jane Austen za su fitar da tarihinta a 1870, zanen da yayarta Cassandra ta yi mata ya nuna mace mai tsuke baki da kaifin ido. Suka ba wani ya gyara, ya zagaye fuskar, ya tausasa idon. Wannan gyararren shi ne aka ɗora a takardar fam goma ta Ingila a 2017.

Ba zan ce duk hasara ba ce. Sunan da ya zama haja shi ne ya ba marubuci abin riƙewa a ciniki. Tun Pickwick na fita wani mai maɗaba'a, Edward Lloyd, yake buga jabunsa a kwabo ɗaya da sunan Bos. Irin wannan ta'adi ya sa marubuta suka matsa, dokar 1842 ta tsawaita haƙƙin mallaka zuwa shekara 42, ko tsawon rai da ƙarin bakwai. Mujallar Fortnightly Review ta fito a 1865 da ƙa'idar kowa ya sa sunansa a ƙarƙashin abin da ya rubuta. A 1884 Walter Besant ya kafa ƙungiyar marubuta, Tennyson ne shugabanta na farko. Dillalan marubuta irin su A. P. Watt suka bayyana, suna karɓar kashi goma cikin ɗari. 'Ya'yan akawu da mata marasa gado suka ci abinci da alƙalami ba tare da sun durƙusa wa wani basarake ba.

Zuwa 1890 da 'yan kai na'urorin biyu suka haɗe. Aka samo dabarar farfasa hoto zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo a kan farantin ƙarfe, ya shiga inji tare da haruffa. Yaran da dokar ilimi ta 1870 ta kai makaranta sun girma, suna da sisi a aljihu, Strand kuma sisi ce. Arthur Conan Doyle ya lura cewa labari mai dogon zango yana korar wanda fitowa ɗaya ta wuce shi, sai ya yi gajeru masu cin gashin kansu da tauraro guda, ɗan bincike Sherlock Holmes. Na farkonsu, a Yulin 1891, a kan hoto ya ginu: wani sarki ne ke neman a ƙwato masa hoton da ya ɗauka da wata mace kafin ya tona masa asiri. A 1894 Mudie da kamfanin W. H. Smith suka sanar cewa ba za su ƙara biyan fiye da sule huɗu kan juzu'i ba. Labarai 184 ne suka fito a juzu'i uku a shekarar, a 1897 huɗu kacal. Littafi ya koma guda, sule shida, mai karatu ke saye da kansa, abin da ke jan hannunsa zuwa aljihu kuwa sunan da ke bango ne.

Charlotte Brontë ba ta ga wannan ba. Ta rasu a Maris ɗin 1855, shekara biyar kafin haukar katin hoto ta kama Ingila. Zanen alli da George Richmond ya yi mata a 1850, bisa buƙatar George Smith, shi ake ta bugawa. A 1984 aka tono wani dodon hoto na gilashi a gidan ajiye hotunan fitattun mutane da ke Landan, na wata mace da aka ɗauka ta gefe, aka ce ita ce. Ya shiga littattafai da jaridu, ya yi shekaru yana yawo da sunanta. Yanzu masana sun fi karkata ga cewa ƙawarta ce ta makaranta, Ellen Nussey.